Wane ne Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, kuma da me ya cancanci yabon da ake yi masa?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a ajin farko na karatun lauya. Duk lokacin da zaɓe ya matso sai in ji ana cewa a koma wa "rahoton Uwais". Amma mahaifina ya ce wannan Uwais ɗin shi ne ya riƙe Kotun Ƙoli a zamanin Abacha, kuma shi ne ya kori ƙarar Janar Buhari a 2005. Wane ne shi, kuma me ya yi da ake ta yabonsa?

Amsa: Ƙanena, abin da Baba ya gaya maka gaskiya ne, duka biyun, kuma kada ka yarda wani ya ce maka ba haka aka yi ba. Sai dai labarin ya fi haka tsawo. Idan ka bi shi daga tushe za ka ga cewa ƙarar da ya kora a 2005 da rahoton da ya miƙa a 2008 igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Abin da ya gani yana kan kujerar alƙali, doka ta hana shi taɓawa, shi ne ya dawo ya ce a gyara bayan ya sauka.

An haifi Muhammadu Lawal Uwais a birnin Zariya ranar 12 ga Yuni, 1936. Mahaifinsa babban alƙali ne a masarautar Zazzau, daga baya ya zama Waziri. Wato a gidan shari'a ya buɗe ido, inda ake jin maganar mai ƙara da wanda ake ƙara, da shaida da rantsuwa, tun kafin yaro ya san boko. Ya yi Kwalejin Barewa, sannan ya faɗa cikin wani zamani da ya kamata kowane ɗalibin lauya daga Arewa ya sani. Dab da samun 'yancin kai gwamnatin Sardauna ta yi wa tsarin shari'ar Jihar Arewa garambawul, aka kawo kundin hukunta laifuka, wato Final Kot, da ya fara aiki a 1960, aka kuwa wayi gari lauyoyi 'yan Arewa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Irin su Muhammad Bello da Mamman Nasir da Buba Arɗo su ne suka yi gaba. Don a cike giɓin sai aka riƙa ɗaukar samari ana fara koyar da su a Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo a Zariya, su ƙarasa a Ingila. Ta wannan hanya Uwais ya bi, ya zama lauya a Middle Temple da ke Landan a 1963.

Da ya dawo aikin gwamnati ya shiga. Lauyan gwamnati ne a Ma'aikatar Shari'a a Kaduna, ya yi ta hawa har ya zama babban lauyan gwamnati kuma babban sakataren ma'aikatar a Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1973 ya hau kujerar Babbar Kotu, a farkon 1977 aka kai shi Kotun Ɗaukaka Ƙara wadda a lokacin sabuwa ce fil, a watan Agusta na 1979 kuma ya shiga Kotun Ƙoli yana da shekara 43. Riƙe wannan adadi, domin shi ne mabuɗin sauran labarin. Yau alƙali kan isa Kotun Ƙoli ne yana dab da sittin, ya ɗan zauna, ya yi ritaya. Shi kuwa ya yi kusan shekara 27 a kotun, goma da rabi daga ciki yana Alƙalin Alƙalan Najeriya, daga Disamban 1995 zuwa 12 ga Yuni, 2006, ranar da ya cika saba'in. A cikin 'yan Najeriya, in ban da Sir Adetokunbo Ademola, wanda ya riƙe daga 1958 zuwa 1972, babu wanda ya daɗe a wannan kujera kamarsa. Daga saukarsa zuwa 2024 mutum goma ne suka hau. Mai Shari'a Belgore da ya gaje shi wata bakwai kawai ya yi. Mai wata bakwai ko mai shekara guda, komai kyan niyyarsa, kafin ya gama sanin ma'aikatansa lokacin tafiya ya yi.

Ko zama bai gama yi ba aka ɗora masa ƙarar da har yau ake koyar da ita, wato ta Awolowo da Shagari. Dokar da aka yi zaɓen 1979 da ita ta ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a sulusi biyu na jihohin ƙasar. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu rubu'i a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ke da ƙarfi, kashi 19.94 cikin ɗari ya samu. To, sulusi biyu na 19 nawa ne? Cif Awolowo ya ce jiha ba ta rabuwa, don haka 13 ne. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da sulusi biyu na jiha ta 13. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado zai gane lissafin nan da nan: rubu'in sulusi biyu sudusi ne, kusan kashi 16.7 cikin ɗari, Shagari kuwa ya haura haka a Kano. Ranar 26 ga Satumba, 1979, saura kwana biyar soja su miƙa mulki, kotun mai alƙalai bakwai ƙarƙashin Fatayi-Williams ta tabbatar da nasarar Shagari. Uwais, ƙaramin cikinsu, yana tare da masu rinjaye. Kayode Eso ya saɓa. Lauyoyi da yawa har gobe suna ganin hujjar Eso ta fi tsabta, ni ma ina ganin tana da ƙarfi sosai. Abin da nake so ka lura da shi shi ne tun a watansa na biyu a kotun Uwais ya ɗanɗana yadda ake yanke shari'ar zaɓe alhali ranar rantsuwa ta tsaya wa alƙalai a wuya.

Shekarun 1980 su ne lauyoyi ke kira zamanin zinariya na Kotun Ƙoli, lokacin Eso da Oputa da Obaseki da Nnamani da Aniagolu da Karibi-Whyte. Uwais ba shi da zaƙin alƙalamin Oputa, ba shi da zafin Eso. Rubutunsa gajere ne, miƙaƙƙe, ya kawo sashen doka, ya faɗi ma'anarsa, ya wuce. Amma ka nemi ƙarar Gwamnan Soja na Legas da Ojukwu ta 1986 ka karanta. Gwamnati ta tura 'yan sanda masu yawa sun fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali maganar tana gaban kotu, sannan ita gwamnatin ta zo Kotun Ƙoli tana neman a saurare ta. Kotu ta ƙi. Uwais yana cikin alƙalai biyar da suka zauna, kuma abin da ya rubuta, a taƙaice, shi ne idan gwamnati ta riƙa wasa da umarnin kotu, talaka zai daina yarda da kotu, daga nan kuma kowa ya zama alƙalin kansa. A ƙarƙashin mulkin soja aka faɗi haka, Babangida yana kan gado.

Yanzu ga maganar Abacha, kuma a nan ba zan wanke shi tas ba. Ya karɓi kujerar daga Mai Shari'a Muhammad Bello a Disamban 1995, wata guda bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa takwas bisa hukuncin wata kotu ta musamman da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta. Dokokin soja na lokacin suna ɗauke da sashen da ke cewa babu kotun da ke da hurumin tambayar abin da aka yi a ƙarƙashinsu, Doka ta 12 ta 1994 ma ta ƙara toshe ƙofar. Shari'ar Cif Abiola ta maƙale a Kotun Ƙoli saboda yawancin alƙalan sun janye daga sauraronta, kasancewar sun taɓa kai jaridarsa ta Concord ƙara, Abacha kuma ya ƙi naɗa sababbi da za su cike adadin da ake buƙata. Haka Abiola ya zauna a tsare har ya rasu ranar 7 ga Yuli, 1998. Sai a ƙarshen shekarar Janar Abdulsalami ya naɗa sababbin alƙalai. Masu kare Uwais suna cewa alƙali ba ya fita neman ƙara, kuma ba shi ke naɗa alƙalai ba. Wannan gaskiya ne. Masu sukarsa suna cewa shugaban ɓangaren shari'a yana da murya, kuma a waɗannan shekaru ba a ji ta yadda ya kamata ba. Wannan ma ina ganin gaskiya ne, kuma yana cikin littafinsa. Abin da za a ce masa shi ne ya riƙe kotun ba ta ruguje ba har farar hula suka dawo, kuma abin da ya yi da ita bayan sun dawo shi ne ainihin dalilin da ake tuna shi.

Tun kafin a miƙa mulki a 1999 aka gwada shi. An zaɓi Atiku Abubakar gwamnan Adamawa, kafin ya sha rantsuwa sai ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Hukumar zaɓe ta ce a sake zaɓe, domin dokar ta ambaci mutuwar zaɓaɓɓen gwamna ne kaɗai a matsayin abin da zai sa mataimakinsa ya haye. Kotun Ƙoli, da rinjaye, Uwais yana gaba, ta ce manufar dokar ita ce kada kujerar ta zauna babu kowa alhali jama'a sun zaɓi mutum biyu a tikiti ɗaya. Da haka Boni Haruna ya zama gwamna.

Daga 2002 zuwa 2005 kuwa kotun ta yi aikin da ban san ta sake yin irinsa ba. Tsarin mulkin 1999 sabo ne, soja ne suka bar shi, shugaban ƙasa tsohon soja ne da ya saba umarni, gwamnoni kuma suna gwada ƙarfinsu. Sashe na 232 ya ce rikici tsakanin tarayya da jiha kai tsaye Kotun Ƙoli ake kai shi, sashe na 234 kuma ya ce alƙalai bakwai ke zama. Uwais ya riƙa jagorantar waɗannan zama da kansa, ya kuma riƙa ba su fifiko a jadawali. A Maris 2002 kotun ta ce Majalisar Tarayya ba ta da ikon ƙara wa shugabannin ƙananan hukumomi wa'adi ta Dokar Zaɓe ta 2001. A Afrilu ta yanke shari'ar arzikin mai, ta ce iyakar jihohi takwas na bakin teku ta tsaya ne a gaɓar ruwa, don haka man da ake haƙowa a cikin teku ba ya cikin lissafin kashi 13 cikin ɗari da ake ba jihar da aka samo arziki a cikinta, ta kuma haramta wasu kuɗaɗen da gwamnatin tarayya ke cirewa daga asusun tarayya kafin a yi rabo. Kowane ɓangare ya fita da rauni. A Yuni Jihar Ondo ta nemi a rushe dokar da ta kafa ICPC, wai yaƙi da cin hanci a jiha ba hurumin tarayya ba ne. Uwais ne ya rubuta babban hukuncin. Ya dogara da sashe na 15(5), wanda ya ɗora wa ƙasa nauyin kawar da cin hanci, ya ce dokar ta zauna, amma ya soke sassa biyu, ciki har da wanda ya ba hukumar ikon tsare mutum ba tare da wa'adi ba. A Nuwamba kuma, a ƙarar da su Alhaji Balarabe Musa da Gani Fawehinmi suka kai, kotun ta ce INEC ba ta da ikon ƙara sharuɗɗan rajistar jam'iyya a kan waɗanda tsarin mulki ya gindaya. Jam'iyyu uku aka shiga zaɓen 1999 da su, a 2003 sun kai 30.

Biyu daga cikin hukunce-hukuncen sun fi nuna mini halinsa. Na farko shi ne na Legas. Gwamna Tinubu ya ƙirƙiri ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da ake da su, sai Obasanjo ya ba da umarni a 2004 a riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas da na wasu jihohin da suka yi irin haka, ciki har da Katsina da Neja da Nasarawa. Ranar 10 ga Disamba, 2004, Uwais ya karanta hukunci: shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin da tsarin mulki ya ce a ba jiha, ko mene ne dalilinsa. Amma sababbin ƙananan hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu cikin tsarin mulki, don haka kuɗin na 20 ɗin ne kaɗai. Obasanjo bai saki kuɗin duka ba har ya sauka, sai da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau a 2007 aka biya. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, abin da Uwais ya yi gargaɗi a kai tun 1986. Na biyu shi ne ƙarar da gwamnonin Arewa 19 da wasu uku na Kudu maso Yamma suka kai, suna neman a soke dokar 2004 da ta sassauta wa jihohin mai bambancin tudu da teku. Bazazzagi ne ke shugabancin kotun, kuɗin da ake magana a kai kuma ya shafi kason kowace jiha ta Arewa. A ƙarshen 2005 kotun ta kori ƙarar. Ga wanda ke zaton alƙali ɗan Arewa dole ya karkata gida, wannan ita ce amsar.

Shi ne kuma shugaban farko na Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, wadda tsarin mulkin 1999 ya ƙirƙira. A zamaninsa an kori alƙalai an kuma tilasta wa wasu ritaya, ciki har da biyu na Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2005 kan cin hanci a shari'ar zaɓen sanata a Anambra. A wannan shekarar ce kuma mace ta farko, Mai Shari'a Aloma Mukhtar, ta shiga Kotun Ƙoli.

Sai ƙarar da ta ɓata wa Baba rai, kuma ba shi kaɗai ba. An yi zaɓe ranar 19 ga Afrilu, 2003, aka ce Obasanjo ya samu ƙuri'a sama da miliyan 24, Buhari sama da miliyan 12. Masu sa ido na gida da na waje sun ba da rahoton maguɗi mai yawa, musamman a Kudu maso Kudu da Kudu maso Gabas. Buhari ya kawo shaidu sama da ɗari. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a Disamban 2004, ta soke sakamakon Jihar Ogun amma ta bar zaɓen, Mai Shari'a Nsofor ya saɓa ya ce a rushe shi gaba ɗaya. Kotun Ƙoli ta rufe maganar ranar 1 ga Yuli, 2005, Obasanjo ya riga ya cinye fiye da rabin wa'adinsa, kuma Uwais ɗin ne da kansa ya rantsar da shi tun 29 ga Mayu, 2003.

Me ya sa aka kore ta? Dokar Zaɓe ta 2002 ta ce ba a rushe zaɓe don an saɓa wa ƙa'ida sai mai ƙara ya nuna saɓawar ta yi yawan da ta canza sakamako. Sakamakon da INEC ta bayyana kuma doka tana ɗaukarsa daidai ne har sai an rushe shi da hujja. Idan ka yi zargin aringizon ƙuri'a ko dangwale, laifi ka ambata, sai ka tabbatar da shi yadda ake tabbatar da laifi, babu sauran shakka. Rumfunan zaɓe kusan dubu 120 ne, shaida kuma ba ya faɗin abin da bai gani da idonsa ba, takardun da za ka kafa hujja da su suna hannun hukumar da kake ƙara. Da wannan ma'auni, wanda aka yi wa maguɗi a rumfa dubu ashirin sai ya kawo shaidu dubu ashirin. Shin kotun tana da sararin da za ta sassauta ma'aunin? Ina ganin tana da ɗan sarari, hukuncin Nsofor ya nuna haka, kuma na so a ce ta yi amfani da shi. Amma ban yarda cewa son kai ne ya sa ba ta yi ba, domin wannan kotun ce ta ka da Obasanjo wata bakwai kafin nan a ƙarar Legas.

Yanzu ka dubi abin da ya biyo baya. 'Yar'aduwa ya amsa a jawabinsa na kama mulki cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin mutum 22 a Agustan 2007, ya ba Uwais shugabanci. A ciki akwai Farfesa Attahiru Jega, da Matthew Hassan Kukah, da Farfesa Bolaji Akinyemi, da Olisa Agbakoba. Sun zagaya ƙasa sun saurari jama'a, suka miƙa rahoto a Disamban 2008. Ka ɗauki shawarwarin ɗaya bayan ɗaya ka aza su a kan ƙarar 2005, za ka ga kowace tana toshe ramin da ƙarar ta faɗa. An rantsar da mutum ana cikin shari'a? To a yi zaɓe da wuri, a gama duk ƙararraki kafin rantsuwa. Wanda ake ƙara shi ya naɗa shugaban hukumar zaɓe? To a karɓe wannan iko daga shugaban ƙasa, NJC ta tallata kujerar, ta tace mutum uku, Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta zaɓi ɗaya, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Hukumar tana jiran gwamnati ta ba ta kuɗi? To kuɗinta ya riƙa fita kai tsaye. Ɓarayin akwati ba sa fuskantar hukunci? To a kafa hukuma ta musamman mai gurfanar da masu laifin zaɓe, a kuma sauke wa INEC nauyin rajistar jam'iyyu da shata mazaɓu. Sun kuma ce a ba ɗan takara mai zaman kansa dama.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta nauyin hujja. Kowane ɗan makarantar zaure ya san ƙa'idar cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, dokar Ingila da ya karanta ma haka ta ce. Ɗan alƙalin Zazzau, wanda ya yi shekara 33 yana hukunci da wannan ƙa'ida, shi ne ya sa hannu a kan cewa a shari'ar zaɓe a juya ta, INEC ce za ta tabbatar wa kotu cewa ta gudanar da zaɓen bisa doka, tun da ita ta yi aikin kuma takardun suna wurinta. Mutum ba ya kai wa ga irin wannan matsayi sai ya zauna ya ga mai ƙara yana ɗauke da kayan da ba zai iya kai wa gaci ba.

Gwamnati ta fitar da matsayinta a Maris 2009, ta karɓi wasu, ta ƙi babbar cikinsu, wato ta naɗin shugaban INEC, da hujjar cewa ba aikin ɓangaren shari'a ba ne. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hukumar 'yancin kuɗi, ya kuma sa wa ƙarar zaɓe wa'adin kwana 180 a kotun farko da kwana 60 a ɗaukaka ƙara, a shekarar ne kuma aka naɗa Jega, ɗan kwamitin, shugaban INEC. Uwais ya rasu a Abuja ranar Juma'a, 6 ga Yuni, 2025, ranar Babbar Sallah, saura kwana shida ya cika shekara 89. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Har zuwa ranar shugaban ƙasa ne ke zaɓen shugaban INEC, ba a kafa hukumar hukunta masu laifin zaɓe ba, ana rantsar da mutum ƙararsa tana gaban kotu, nauyin hujja kuma yana nan a wuyan mai ƙara kamar yadda yake a 2005.